os.system ko subprocess.Popen, wanne za ka ɗauka?

Wani ƙanena a unguwar Nima ta Accra ya rubuta ɗan shiri da Python na matse bidiyon biki da ffmpeg (manhajar sarrafa bidiyo), ya sa os.system. Layi ɗaya ne, ka ba shi umarni ya miƙa wa shell, wato mai karanta umarni ya aiwatar a kwamfuta, shi kenan. Amma fa shirinka zai tsaya cak kamar mai jiran trotro har sai ffmpeg ya gama, ba ka da lambar pid wato lambar shaidar aikin, ba ka iya tsayar da shi daga cikin kod, abin da zai dawo maka kawai lambar fita ce. Kuma ranar da wata hajiya ta kawo fayil mai sarari a sunansa, shell ya raba sunan biyu, aiki ya watse.

Popen kuwa tun Python 2.4 a 2004 yake nan, na ce masa ɗan'uwa koma can. Kana ba shi kalmomin umarnin a jere ɗaya bayan ɗaya ba ruwanka da shell, yana tashin aikin ya dawo maka nan take, ka leƙa da poll ko ya gama, in ya maƙale ka aika terminate wato SIGTERM, saƙon a tsaya, in ya yi taurin kai sai kill. Tarkonsa ɗaya, in ka buɗe PIPE, wato bututun da aikin ke zubo saƙonninsa, ba ka karanta ba bututun zai cika, kai kana jiransa shi yana jiranka har la'asar, don haka yi amfani da communicate.

In jira kawai kake so, subprocess.run na Python 3.5 ya ishe ka, har timeout yana da shi.