Yadda Ake Tantance Darussan Kyauta na Koyon Gina Shafukan Intanet

Wanda ya yi niyyar koyon gina shafukan intanet ba zai rasa inda zai fara ba, domin darussan kyauta sun fi ƙarfin abin da mutum ɗaya zai iya kammalawa. Sai dai ɗalibi yana biya da lokacinsa da datarsa, kuma darasi marar inganci yana iya cinye masa watanni kafin ya gane cewa bai iya gina komai da kansa ba.

Abin da ya kamata a fara dubawa shi ne shekarun darasin. A 2015 JavaScript, harshen da ake rubuta umarnin shafukan intanet da shi, ya samu babban sauyi da ake kira ES6, wanda ya kawo kalmomin umarni let da const a madadin tsohuwar kalmar var, don haka darasin da yake amfani da var kaɗai daga farko har ƙarshe ya tsufa. Haka nan wanda yake koyar da tsara shafi da tsoffin hanyoyi irin su tebur ko float, ba tare da ambaton sababbin hanyoyin Flexbox da Grid ba, alhali manyan burawuzoji sun karɓi Grid tun 2017. Mai koyo ba ya iya gane wannan da kansa, shi ya sa duba ranar da aka wallafa darasi ko aka sabunta shi yake da muhimmanci.

Shafin MDN, wanda Mozilla mai burawuzar Firefox ta kafa a 2005, shi ne mafi sahihanci a cikin wuraren koyo na kyauta, kuma ƙwararru ma a can suke duba abin da ya shige musu duhu, har da jadawalin da ke nuna burawuzar da ta karɓi kowane abu. Amma ya fi kama da ƙamus, ana komawa gare shi ne idan buƙata ta taso. W3Schools ya girme shi, tun 1998 yake, bayaninsa gajere ne kuma akwai wurin gwada kod, wato umarnin da ake rubuta wa kwamfuta, nan take. Ba shi da zurfi, kuma duk da kamannin suna ba shi da alaƙa da W3C, hukumar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet.

Zaɓi na gaske, a ganina, yana tsakanin freeCodeCamp da The Odin Project, domin suna da tsarin karatu mai jere daga farko zuwa ƙarshe. Quincy Larson ne ya kafa freeCodeCamp a 2014, kuma ƙungiya ce da ba ta neman riba. Ɗalibi yana rubuta kod a cikin burawuza, shafin ya duba masa ko ya yi daidai, sannan ya wuce mataki na gaba, kuma takardar shaidarsu kyauta ce. Wannan sauƙin yana riƙe mai farawa kada ya karaya, amma yana iya sa mutum ya saba da cike gurbi a aikin da wani ya riga ya shimfiɗa. The Odin Project kuwa ba ya lallashi. Tun da wuri yake sa ɗalibi ya shirya kwamfutarsa, ya koyi Git da GitHub, waɗanda ake ajiye kod da bin sauye-sauyensa da su, da rubuta umarni a tagar umarni, ya karanta bayanai daga wurare dabam-dabam, sannan a ba shi aiki ba tare da an nuna masa amsa ba. Makonnin farko suna da wuya, kuma yana buƙatar kwamfuta da haƙurin karatu mai tsawo, amma irin wahalar da ake sha a ciki ita ce ainihin aikin mai gina shafuka.

Kwas ɗin CS50 na Jami'ar Harvard yana koyar da tunanin shirya manhaja fiye da kowannensu, sai dai darasinsa na intanet, mai amfani da Python da JavaScript, an gina shi ne don wanda ya riga ya san tushe. YouTube kuma akwai malamai nagari a cikinsa, amma babu mai duba aikin ɗalibi, kuma kwafar abin da malami yake rubutawa yana sa mutum ya ɗauka ya fahimta. Hanyar gwada kowane darasi ɗaya ce: a rufe shi, a buɗe fayil da babu komai a ciki, a sake gina abin da aka koya. Idan hannu ya kasa motsi, darasin bai shiga ba tukuna.

Wanda bai taɓa rubuta layi ɗaya ba zai fi amfana da freeCodeCamp har ya saba da HTML da CSS, harsunan da ake gina shafi da ƙawata shi da su, sannan ya koma The Odin Project idan yana da kwamfuta, yana riƙe da MDN a gefe. Game da takardar shaida, bai kamata ta zama dalilin zaɓi ba, domin masu ɗaukar aiki a wannan fanni sun fi tambayar shafukan da mutum ya gina da kod ɗin da ya ajiye a GitHub.