Kayan haɗa na'urar motsa ruwa ta maganaɗisu: abin da na gani bayan wata biyu ina aiki da su

Na sayi waɗannan kaya ne domin in huta da tsayuwa da cokali ina dama sinadaran takin da nake narkarwa a ruwa saboda shuke-shuken da nake reno ba tare da ƙasa ba. Abin da na tarar a kwalin shi ne fankar kwamfuta mai faɗin milimita 80 da ke aiki da wutar lantarki mai ƙarfin bolt 12, da maganaɗisun niyodimiyam (wani nau'in maganaɗisu mai ƙarfi sosai) guda biyu masu siffar ƙwayar magani, da ƙaramin allon rage gudu mai ɗauke da LM317 (ɗan na'urar da ke daidaita ƙarfin wuta), da akwatin roba, da adafta, sai kuma 'yar sandar da ake jefawa cikin kwalba, mai tsawon milimita 25, wadda aka lulluɓe da Teflon don kada sinadarai su ci ta. Ana liƙa maganaɗisun ne a kan cibiyar fankar, idan ta juya sai su ja sandar da ke cikin kwalbar ta bi su, ruwan ya motsu ba tare da an taɓa shi ba.

Kayan kansu ba ni da wani babban ƙorafi a kansu, domin fankar ba ta da ƙara, maganaɗisun kuma suna da ƙarfin da sai da suka matse mini fatar yatsa har ta tara jini. Takardar bayanin ce ta ba ni wahala, domin ta cika shafi biyu tana nuna yadda za a haɗa wayoyi, amma da ta zo kan maganaɗisun sai ta wuce da jimla guda, cewa a liƙa su a kan fanka, alhali kusan duk matsalar da na gamu da ita daga nan ta taso.

Da na kunna karo na farko, fankar ta ɗan yi rawa ta tsaya cik. Na yi zaton ta lalace, amma da na ɓamɓare maganaɗisun sai ta tashi lafiya ƙalau. Dalilin shi ne, a cikin cibiyar fankar akwai nata zoben maganaɗisu da ƙarfen da aka naɗe da waya, har da ɗan na'urar da ke sanar da injin inda juyin ya kai, don haka idan aka ɗora maganaɗisu mai ƙarfi kai tsaye a kansu sai ya riƙe injin. Na sa ɗan faifan roba mai kaurin kusan milimita 5 a tsakani, sannan na liƙa woshar ƙarfe a samansa da gam mai haɗi biyu. Woshar ta yi mini amfani sosai, domin maganaɗisun suna manne mata da kansu, ina iya matsar da su yadda nake so kafin in sa musu gam.

Daga nan fankar ta juya, amma sandar sai tsalle take yi tana bugun gilashi. Na ɓata yamma guda ina auna wuta da mita kafin in gane cewa fuska ɗaya na juyo da maganaɗisun biyu sama, alhali dole ne ɗaya ya ba da fuskar arewa, ɗaya ta kudu, domin kowanne ya kama kan sandar da ya dace da shi. Gwajin mai sauƙi ne: idan aka kawo sandar saman su ta kwanta a miƙe tsakaninsu, to an yi daidai, idan kuwa ta karkace ko ta nemi tsayuwa da kai, sai a kifa ɗaya. Tazarar da ke tsakaninsu ma sai ta yi daidai da tsawon sandar, kuma su zauna daidai wa daida daga tsakiyar cibiya, domin da na kauce da ɗan kaɗan sai akwatin ya riƙa kakkarwa yana tafiya a kan tebur.

Abin da ya fi daɗewa yana damuna shi ne yadda sandar ke kuɓucewa ta koma gefe da zarar na ƙara gudu. Ƙarfin maganaɗisu yana raguwa da sauri ƙwarai idan nisa ya ƙaru, sukurorin da suka zo da kayan kuwa sun bar fankar can ƙasa. Na ɗaga ta da notuna har maganaɗisun suka kusa taɓa murfin akwatin da ake ɗora kwalbar a kai, na kuma daina amfani da kwalabe masu tudu a gindi, waɗanda sandar ke zamewa a kansu, na koma kwalbar ɗakin gwaje-gwaje mai shimfiɗaɗɗen gindi. Tun daga ranar, idan na ƙara gudun a hankali, ramin da ruwan ke yi a tsakiya yana sauka har kusa da sandar a cikin lita ɗaya.

Allon rage gudun shi ne mafi rauni a cikin kayan. LM317 yana farawa ne daga bolt 1.25, tawa fankar kuwa ba ta motsi sai wajen bolt 5, saboda haka sai na murɗa maɓallin sama ta tashi kafin in sauko da shi. A sama ma ba ya wuce kimanin bolt 10, yana kuma yin zafi, ba a haɗo shi da ƙarfen sanyaya shi ba. Bai kamata a ɗora ruwan zafi a kan na'urar ba, domin akwatin roba ne, kuma niyodimiyam na gama-gari yana fara rasa ƙarfinsa idan zafi ya haura digiri 80 a ma'aunin Salsiyas. Ruwa mai kauri ma ya fi ƙarfinta.

Wanda ke buƙatar motsa lita ɗaya ko biyu na ruwa mai tsinkewa, yana kuma da haƙurin gyare-gyare, zai ji daɗin waɗannan kaya, amma ina ba shi shawara ya tanadi wosha da faifan roba da notuna tun kafin ya buɗe kwalin, kada kuma ya sa wa maganaɗisun gam sai ya ga sandar ta yi awa guda tana juyawa ba ta kuɓuce ba.