Munich a lokacin Oktoberfest: sharhin mai jakar goyo da ba ya shan giya

Wanda ya tambaye ni ko ya dace ɗalibi mai ƙaramin aljihu, wanda kuma giya ba ta cikin abincinsa, ya saɓi jakarsa ya je birnin Munich na Jamus a lokacin Oktoberfest, babban bikin giya da ake yi a can duk shekara, zan ce masa ya je. Amma kada ya kwana a cikin garin, kuma ya tabbata ya fice daga filin bikin kafin la'asar sakaliya. Na je a ƙarshen makon da aka buɗe bikin 2024, wanda ya fara ranar Asabar 21 ga Satumba, kuma abin da zan faɗa a kan wannan tafiyar ya tsaya.

Daga Leipzig na taso da tikitin nan na wata, Deutschlandticket, wanda a lokacin Yuro 49 ne (ya koma 58 a farkon 2025). Tikitin bai yarda ka shiga jirgin ƙasa mai gudu irin ICE ba, sai jiragen yanki masu tsayawa a kowane gari, don haka na canja jirgi a Hof, muka bi ta Regensburg, yinin Juma'ar ya tafi a hanya. Ribarsa tana fitowa ne bayan ka sauka, domin da shi za ka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa da taragon titi da bas a Munich ba tare da ka sake ciro sisi ba. Abu ɗaya ne ya kamata baƙo ya sani: tikitin sabunta kansa yake yi duk wata, in ba ka soke shi kafin 10 ga wata ba, za a cire maka kuɗin wata mai zuwa.

Masauki shi ne inda aka yanke ni. Gado ɗaya a ɗaki mai gadaje takwas, a wani masaukin matasa kusa da babbar tashar jirgi, kuɗinsa ya ninka na sauran lokuta kusan sau uku, kuma wai don na kama da wuri ne. Gadon da tsafta, ruwan wanka da zafi, akwai akwatin ƙarfe na kulle kaya. Barci ne babu. Wajen ƙarfe biyun dare abokan ɗakina suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya, wani yana waƙa, wani yana neman makunnin fitila da goshinsa, na saman gadona kuwa ya kwanta da takalmi da wandonsa na fata, ɗakin ya ɗauki tsami. Da na tashi sallar asuba sai da na tsallake mutum a ƙofar banɗaki. Na yi wa mai karɓar baƙi magana da safe, ta ɗaga kafaɗa ta ce lokacin biki ne. Gaskiyarta, laifin ba nata ba ne. Da a Augsburg na kama ɗaki, garin da jirgin yanki yake kaiwa cikin kamar minti 45, da na sami barci da rarar kuɗi, kuma tikitin da ke aljihuna ya riga ya biya kai-komon. Amfani ɗaya da masaukin ya yi mini shi ne ajiyar jaka. Tun 2016 an hana shiga filin bikin da jakar da ta wuce cin lita uku, ka ga jakar goyo ba ta da wurin shiga ke nan.

Safiyar Asabar na bi rangadin ƙafa irin wanda ba a yanka maka kuɗi, sai abin da ka ga dama ka miƙa wa jagora a ƙarshe. A dandalin Marienplatz ake haɗuwa. Ƙarfe 11 mutum-mutumin agogon gidan gwamnatin birni suka fara juyi, ƙararrawa 43 da gumaka 32, mahaya biyu suna gwabzawa har na Bavariya, jihar da Munich take ciki, ya kayar da abokin karawarsa, kamar yadda yake kayar da shi kullum. Minti goma ne na ɗaga wuya sama, kuma a ganina sunansa ya fi shi girma. Gara ka biya 'yan kuɗi ka hau hasumiyar cocin da suke kira Alter Peter, matakala kusan 300 a lungu matsattse, ka ga garin duka a shimfiɗe. Daga can za ka lura babu dogayen benaye a tsakiyar birnin. A 2004 mazauna garin suka kaɗa ƙuri'a cewa kada sabon gini ya wuce tsayin hasumiyoyin cocin Frauenkirche, wato kusan mita 100.

Jagoran namu ya san aikinsa, sai dai mun yi masa yawa, kuma ya ɓata lokaci a shahararren gidan giya na Hofbräuhaus yana barkwancin mashaya da bai ba ni dariya ba. Inda ya ci kuɗinsa shi ne Odeonsplatz. A nan 'yan sanda suka tarwatsa yunƙurin juyin mulkin Hitler a Nuwambar 1923. Da 'yan Nazi suka hau mulki, sai suka kafa abin tunawa da matattunsu a gefen ginin Feldherrnhalle, suka girke dakaru, duk mai wucewa dole ya ɗaga hannu ya yi gaisuwarsu. Waɗanda ba sa so sai su karkata ta wani ɗan lungu a bayan ginin, Viscardigasse. Yau in ka duba ƙasa a lungun za ka ga layin duwatsu masu ruwan tagulla yana lanƙwasa a tsakiyar daɓen, yana bin sawun waɗannan mutane. Faɗinsa bai fi tafin hannu biyu ba, masu keke suna bi ta kai ba su ko kalla. Da ni kaɗai ne da na taka shi na wuce. Don wannan kaɗai na ba shi Yuro goma ban ji ciwo ba.

Maganar ciki ba ta da wuya in ka san inda za ka nufa. Kudu da babbar tasha, a titunan Goethestraße da Landwehrstraße da Schillerstraße, shagunan Turkawa da Larabawa da 'yan Afganistan ne jere, da naman halal, da gurasa mai zafi, da shinkafa da rago a kan kuɗin da ba zai sa ka kuka ba. Akwai ƙananan masallatai a cikin gine-ginen, wasu a bayan gida, wasu a bene, ba hasumiya, sai ɗan allo a jikin ƙofa. A ɗaya daga ciki na yi azahar, na kuma gamu da wani dattijo ɗan Togo mai jin Hausa. Da ya ji abin da ya kawo ni sai ya yi dariya.

"Ɗana, me ya haɗa ka da filin mashaya?"

"Baba, kallo kawai."

"To ka je da hantsi. Da dare ba naka ba ne."

Na so in ga daren da idona, don haka bayan na zaga lambun Englischer Garten, na tsaya a kan gadar rafin Eisbach ina kallon masu hawan igiyar ruwa a kan allo, a tsakiyar birnin da ba shi da teku, sai na nufi filin bayan magariba. Shiga kyauta ne, masu gadi suna duba jaka a ƙofa. Daga nesa abin gwanin kyau, fitilu ko'ina, babban lilo mai tsayin mita 50 yana juyi a hankali. Daga kusa kuwa turereniya ce. Manyan rumfunan, waɗanda a gaskiya gine-ginen katako ne da ake kafawa tun tsakiyar bazara, wasu suna cin mutum dubu shida ko fiye a ciki, sun rufe ƙofa saboda cika. Ta taga na hangi dubban mutane tsaye a kan benci suna rera waƙa ɗaya da kofuna a sama. Kofin lita guda ne, a shekarar ana sayar da shi tsakanin Yuro 13.60 da 15.30, kuma giyar bikin ta fi ta kullum ƙarfi. A gangaren ciyawar da ke bayan rumfunan mutane ne kwance birjik, wasu ma'aikatan agaji suna tura su a gadon asibiti mai rufi. Wani ya rungume ni yana kiran sunan da ba nawa ba. Ban daɗe ba na fita. Ga wanda ba ya sha, daren Asabar a filin nan babu abin da zai ba shi sai warin amai da takun ƙafa, kuma mace mai tafiya ita kaɗai ba zan ba ta shawarar zuwa a wannan lokaci ba.

Lahadi sai ka ce wani gari aka kai ni. A Lahadin farko ta bikin ake jerin gwanon kayan gargajiya da na maharba, mutum kusan 9,000, tafiyar kilomita bakwai daga titin Maximilianstraße zuwa filin. Na sami gefen titi tun kafin ƙarfe 10. Ƙauye bayan ƙauye suke wucewa, kowanne da tutarsa da makaɗansa da irin ɗinkinsa, mata da huluna masu zaren zinariya, maza da gashin dabba a tsaye a kan hula, ga manyan dawakai masu kofato kamar faranti suna jan amalanken ganguna, an yi musu ado da ƙararrawa da furanni. Wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu yana kallon hakimai suna wucewa ranar Hawan Daushe zai gane abin nan take, har da yadda tsofaffi a gefen hanya suke nuna tawagar garinsu da yatsa. Asalin bikin ma na sarauta ne da dawaki. A Oktoban 1810 Yarima Ludwig mai jiran gado, wanda ya zama Sarki Ludwig na Ɗaya, ya auri Gimbiya Therese, aka gayyaci mutanen gari sukuwa a wannan fili, aka sa wa filin sunan amarya, Theresienwiese.

Na bi bayan jerin gwanon na shiga filin da hantsi. Iyaye da 'ya'yansu, tsofaffi riƙe da hannun juna, ƙanshin gyaɗar almon da ake soyawa da sukari. A kudancin filin akwai wani sashe da aka killace, Oide Wiesn, wanda aka fara a 2010 lokacin cikar bikin shekara 200. Yuro huɗu ake biya a shiga, kuma wannan 'yar Yuro huɗun ita ke tace masu neman buguwa. A ciki akwai lilo da dokin katako na zamanin kakanni, da akwatunan kiɗa masu aiki da iska, da taraktocin da, da samari masu rawar dukan cinya da tafin takalmi, da wasu masu kaɗa bulala tana ƙara daidai da kiɗa. Nan ne kaɗai na ji kuɗina ya yi mini aiki a filin.

A babban filin kuma kada ka wuce Teufelsrad. Faifan katako ne mai faɗi yana juyawa, a kira rukuni, misali mata masu jan siket ko maza 'yan sama da shekara hamsin, su ruga su zauna a tsakiya, faifan ya ƙara gudu yana watso su gefe. Waɗanda suka nace sai a sako musu ƙatuwar ƙwallo daga sama tana dukansu, a kuma jefa musu igiya a zarge ƙafa, mai lasifika yana yi musu shaƙiyanci da harshen Bavariya wanda rabinsa ban gane ba. Na ga wata yarinya da ba ta wuce shekara goma ba ta kwanta rub da ciki, ta gagari masu igiya biyu har jama'a suka tashi da tafi. Kuɗin shiga kaɗan ne, kuma ba mai korarka.

Abin sha yana buƙatar lura. Radler rabinsa giya ne, rabi lemo, kada lemon ya ruɗe ka. Wadda aka rubuta wa alkoholfrei ma tana iya ɗaukar har kashi 0.5 cikin ɗari na barasa, ni na bar ta. Spezi, wato kola da lemon zaƙi a haɗe, da Apfelschorle, ruwan tuffa mai gas, su ne lafiyayyu. Litar ruwa a cikin rumfa ta kai wajen Yuro goma, amma tun 2023 akwai famfunan ruwan sha kyauta a filin. Abinci kuwa alade ya yi yawa, kajin da ake gasawa ba yankanmu ba ne, don haka na tsaya a kan kifin da ake tsirewa a sanda a gasa a kan garwashi, Steckerlfisch, da burodin nan mai gishiri da aka murɗa. Kifin da nauyi ake sayar da shi, ka tambayi kuɗin kafin a naɗe maka. Zama a cikin rumfar da ake zuba giya kuwa, kowa ya san abin da malamansa suka gaya masa. Ni a waje na ci kifina a tsaye.

A bakin babbar ƙofa akwai wurin tunawa da mutanen da bom ya kashe ranar 26 ga Satumban 1980, harin wani ɗan ra'ayin riƙau da ya ci rai 13 har da shi kansa. Na tsaya na karanta sunayen kafin in koma ɗaukar jakata.

Abin da ya wuce ni, kuma ya fi ba ni haushi, gidajen tarihi ne. Ranar Lahadi Yuro ɗaya ake shiga da yawa daga na gwamnatin jihar, har da Alte Pinakothek da Museum Fünf Kontinente mai sashen kayan Afirka, amma jirgin komawa Leipzig bai bar mini sarari ba. Kantuna ma a rufe suke ranar Lahadi in ban da na cikin tasha, inda na sayi guzurin hanya da tsada. Mai niyyar zuwa ya yi sayayyarsa tun Asabar kafin ƙarfe takwas na dare.