PS4, PS5 ko kwamfuta: ina birninka zai samu wurin girma?

Ɗan'uwa, na ga tambayarka tun daren jiya. Ka ce kana buga Cities: Skylines, gem ɗin gina birni, a PS4, ka sayi fuloti na tara sai gem ya ce ka kai iyaka, alhali kana ganin wasu a YouTube birninsu ya mamaye taswira har bakin teku. Kana da 'yan kuɗi a hannu, kana tunanin ko PS4 Pro za ka koma, ko PS5, ko ka daure ka nemi kwamfuta, ga shi kuma yaran gida suna buga Minecraft a wannan na'urar. Bari in fara da abin da zai hana ka asara: kar ka sayi PS4 Pro saboda wannan matsalar. Fuloti tara ɗin nan za ka tarar suna jiran ka a can.

Mun saba auna na'urar gem da kyan hoto, domin a gem ɗin ƙwallo ko na faɗa abin da ido ke fara gani ke nan. Gem ɗin gini da na kwaikwayon rayuwa ba haka suke ba, nauyinsu a lissafi yake. A Cities: Skylines kowane mazaunin birni yana da gida, yana da wurin aiki, kuma in zai fita sai an lissafa masa hanyar da zai bi. Motar kwashe shara, motar ɗaukar gawa, tirelar da ta ɗauko kaya daga masana'anta, kowace da nata lissafin, ko kana kallon unguwar ko kana can wani gefen kana shimfiɗa titi. Wannan aikin firosesa ne, RAM kuma ita ke riƙe da duk abin da ka gina. To PS4 ta fito a 2013 da firosesar AMD mai suna Jaguar, mai ƙwaƙwalwa takwas a gudun 1.6 GHz, wadda asalinta don ƙananan laftof aka ƙera ta. RAM ɗinta 8GB ce, hoto da lissafi duk a ciki suke rabo, tsarin na'urar kuma ya cire nasa kason, abin da ke saura wa gem bai wuce kusan 5GB ba. PS4 Pro ta 2016 ta ninka ƙarfin hoto fiye da sau biyu, amma firosesar ita ce dai Jaguar, an ɗan ɗaga gudunta zuwa 2.1 GHz. Gida ne aka yi wa sabon fenti, ɗakunan suna nan yadda suke.

Kamfanin Colossal Order na ƙasar Finland ya fitar da gem ɗin a kwamfuta a 2015, sai a 2017 ya iso Xbox One da PS4. Wani abu da ya faru lokacin yana nuna inda gizo ke saƙa: da ya fara fita a Xbox One babu maɓallin gaggauta lokaci, sai daga baya aka ƙara shi. Gaggauta lokaci ba ya ƙara wa hoto komai, lissafin nan ne ake so a yi ninki biyu ko uku cikin daƙiƙa ɗaya, kuma nan ne firosesa ke durƙusawa.

A yi adalci, fuloti tara ba hukuncin da aka yanke wa PS4 kaɗai ba ne. A kwamfuta ma, in ka sauke gem ɗin yadda ya zo, tara za ka iya saya daga cikin 25, kowane fuloti kusan kilomita biyu tsawo da faɗi. Bambancin shi ne mai kwamfuta yana da ƙofar fita. Ya shiga Steam Workshop, rumbun da 'yan wasa ke zuba abin da suka ƙera, ya ɗauko mod, wato gyaran da 'yan wasa suka rubuta da kansu, ya buɗe 25, ko ma 81 ɗin da suka haɗa taswirar baki ɗaya. Biranen da kake gani a YouTube mafi yawansu haka aka yi su. Kai a PS4 ƙofar a kulle take, ba a barin mod mai taɓa lissafin gem ya shiga. Wannan ne ma ya fi yi mini ciwo a madadin masu na'urar gem, fiye da ƙarancin fili. Ka san yadda motoci ke jeruwa a layi ɗaya tun daga nesa, layi biyu na gefe babu kowa, gosulo ya kai har shataletale? Mai kwamfuta zai sa mod ɗin TM:PE, ya danna mahaɗar, ya ja zare daga wannan layi zuwa wancan, ya ce na dama ya karya dama kawai, na tsakiya ya miƙe, cikin minti biyu hanya ta saki. Kai sai dai ka rushe mahaɗar ka sake gini, ka yi ta gwada dabara.

PS5 fa? Nan an samu canji na gaske, domin firosesar ce aka sauya. Ta fito a 2020 da Zen 2 mai ƙwaƙwalwa takwas da ke kaiwa 3.5 GHz, da RAM 16GB, da ma'ajiyar SSD. Shi ya sa da aka fitar da Cities: Skylines Remastered a Fabrairun 2023 don PS5 da Xbox Series, aka buɗe fuloti 25. Daga tara zuwa 25 kusan ninki uku ne, kuma mutane da yawa ba za su taɓa cika shi ba. Amma mod irin su TM:PE har yanzu babu. Xbox Series S tana da irin wannan firosesar kuma ta fi araha, sai dai RAM ɗinta 10GB ce kuma ba ta cin faifai, komai sai ka sauke, ka ga kuɗin data ya shigo lissafi.

Kada kuma ka ɗauka kwamfuta ba ta da bango. Injin gem ɗin kansa yana da lambobin da aka kafe: motoci masu tafiya a lokaci ɗaya ba sa wuce 16,384, mutanen da ke yawo a waje kuma 65,536. In birni ya kai can za ka ga alamar gawa ta cika saman gidaje, maƙabarta tana da motoci a ajiye amma ba sa fitowa, don babu sauran gurbi. Kuma kowane gini ko mota da ka ɗauko daga Workshop a RAM yake zama, laftof mai 8GB nan da nan take cika. Cities: Skylines II da ya fito a Oktoban 2023 ya wahalar da manyan kwamfutoci ma, fitowarsa a na'urorin gem kuwa an yi ta ɗage ta.

Batun Minecraft ya fi sauƙi, kuma tarihinsa ya nuna yadda bangon ke matsawa da ƙaruwar RAM. A Xbox 360, mai RAM 512MB kacal, duniyar da aka ba mutane a 2012 bulo 864 ce tsawo da faɗi, kana cikin tafiya sai ka ci karo da teku da bangon da ba a gani. In ka cika kiwo ma gem zai rubuto maka cewa dabbobi sun kai adadi, ba za a ƙara ba. A PS4 da Xbox One aka kai 5,120. Daga baya aka koma nau'in Bedrock, wanda ya iso PS4 a Disamban 2019, duniya ta zama ba ta da iyakar da yaro zai kai da ƙafa.

Sai dai iyakar ba ta tafi ba, wuri ta canza. An yanka duniyar Minecraft gida-gida, kowane yanki bulo 16 sau 16, kuma gem yana lissafi sau 20 a daƙiƙa, a yankunan da ke kewaye da ɗan wasa kaɗai. A Bedrock mafi ƙarancin wannan da'ira yanki huɗu ne, kusan bulo 64. Ka lura da yaranka: yaro zai shuka rake a bakin ruwa, ya zuba ƙarfe a murhu, ya tafi haƙar ma'adinai can nesa na rabin awa, ya dawo ya tarar rake bai ƙara tsawo ba, murhu yana inda ya bar shi. Zai ce gem ya lalace, alhali da ya yi nisa lokaci ne ya tsaya a gonar. Za a iya faɗaɗa da'irar a saitin duniya, amma kowane yanki da ka ƙara Jaguar ce za ta ɗauki nauyinsa, balle in yara biyu ko uku sun raba allo kowa ya nufi nasa gefen. Ga gina gida da kiwon tumaki da faɗa da dodannin dare, PS4 ta wadatar sosai. Sai in yaro ya fara haɗa manyan injunan redstone, wato wayoyin lantarkin cikin gem ɗin, ko yana kwaɗayin mod ɗin nau'in Java, wanda babu shi a kowace na'urar gem, sannan kwamfuta za ta zama dole.

Wasu gem ɗin ba sa ɓoye iyakar ma. Planet Coaster, gem ɗin gina wurin shaƙatawa, na na'urorin gem, wanda ya fito a 2020, yana da ma'auni a allo da ke cika yayin da kake gini, in ya cika an gama. The Sims 4 kuwa a PS4 da PS5 babu mod.

Akwai abin da na'urar gem ta fi kwamfuta, kuma ban raina shi ba. Ka kunna ka zauna, babu ranar da sabuntawa za ta zo ta karya maka mod goma birni ya ƙi buɗewa, abin da masu kwamfuta suka sha fama da shi. A ɗaya gefen, mu da ake ɗauke wa wuta ba sallama, batirin laftof yana ba ka damar ajiye aikinka, PS kuwa in ba ka da inbata ɗif take yi, abin da ka gina tun ajiyar ƙarshe ya tafi. In laftof za ka saya, ka sa mata abin ɗagawa a ƙasa, domin zafin Afrilu yana sa firosesa ta rage gudu da kanta.

Da ni ne kai, tunda birnin ne ya hana ka barci, zan bar wa yara PS4 ɗin su ci gaba da Minecraft, in tara kuɗin Pro da na PS5 in nemi kwamfuta ko laftof ta hannu mai RAM 16GB, da SSD, da katin hoto nata na daban ko da matsakaici ne. Wurin saye ka fara tambayar firosesa da RAM kafin katin hoto, ka kuma tabbatar akwai gurbin ƙara RAM, don wasu laftof ɗin a manne take da allon ciki. In kuwa ba ka son wahalar mod, fili kawai kake nema ka zauna a falo da pad a hannu, PS5 da Remastered za su ba ka fuloti 25.