Masu shirin sa esi, don Allah ku tsaya a kan bututun nan da idonku

Salam jama'a. Na daɗe ina danne maganar nan a raina amma da na ga zafi ya sake kunno kai mutane sun fara tururuwar sayen esi sai na ce wallahi in na yi shiru na ci amanar 'yan uwa, don abin da aka yi min ana nan ana yi wa wasu.

Gab da azumin 2024 ne, cikin watan Maris, na tattara ɗan abin da nake da shi na sayo wa Hajiyarmu esi mai hos ɗaya da rabi. Tana fama da hawan jini, kuma duk wanda ya san Kano ya san in Afrilu ta shigo zafi yana haura digiri 40, ɗaki sai ka ce tanda. Mai shagon ya ce min Alhaji in ba yaronmu ne ya ɗaura ba to babu ruwanmu da garanti, na ce to. Yaron ya zo ya ɗaga kai ya kalli bango ya ce bututun da ke cikin kwali ba zai kai ba sai an sayi mita 5 sabo, orijinal jan ƙarfe, ya yanka min kuɗi na biya ban ko yi ciniki ba saboda Hajiya. Na tafi wurin aiki na bar shi da ƙanina. Ko awa ɗaya ba a yi ba ya kira wai ya gama, kuma ashe har bututun kwalin ya naɗe ya jefa a buhunsa ya tafi da shi.

Sati 3 esi ya daina sanyi, sai iska kawai yake hurawa, siririn bututun kuma ya yi farin ƙanƙara a jikin injin waje. Na kira shi ya zo ya ce ranka ya daɗe gas ne ya ƙare, ka san zafin bana esi yana shan gas sosai. Na biya ya ɗura. Bayan sallah abu ya dawo, na sake biya. A zuwa na uku ne ya ce ai kwamfuresa, injin da yake tura gas ɗin, ce ta fara gajiya amma kar in damu akwai a shagon ogansa, zai sa a yi min sauƙi. Esin da ko wata 3 bai cika ba fa!

Ku riƙe wannan don Allah, esi ba ya shan gas. Ba gas ɗin girki ba ne da ake ƙonawa. Zagayawa yake yi tsakanin injin ciki da na waje a rufe ruf, shekara da shekaru, in ya ragu to yoyo ne a wani wuri, kuma duk wanda ya ɗura maka bai nemi inda yake zuba ba ya san zai dawo ne ya sake karɓar kuɗinka.

Maƙwabcinmu ne ya kawo min wani dattijo mai gyaran firij da esi. Bai ma taɓa geji, abin auna matsin gas, ba, reza ya sa ya tsaga sosan da aka naɗe bututun da shi, ya ciro 'yar wuƙa ya kankare jikin bututun ya ce ɗana matso ka gani. Fari tas a ƙasa kamar cokali. Alminiyam ne aka shafe shi da ruwan ja, sai bakinsa biyu kawai aka jona guntun jan ƙarfe kamar tsawon taƙi ɗaya, yadda in ka leƙa bakin za ka rantse na gaske ne. Daidai wurin jonin ya dangwala yatsa ya nuna min, maiƙo ne ya kama ƙura ya yi baƙi, ya ce duk inda ka ga mai a jikin bututun esi to nan gas yake fita don tare suke tafiya da man kwamfuresa. Ya miƙo min guntun jan ƙarfe na gaske daga jakarsa na riƙe a hannu ɗaya, wancan a ɗaya hannun, bambancin nauyin ko yaro zai ji, alminiyam kusan kashi ɗaya cikin uku ne na nauyin jan ƙarfe. Ni ban ce sayar da na alminiyam laifi ba ne, ana sayar da shi da arha kuma mai saye ya san abin da ya saya, zaluncin shi ne a karɓi kuɗin jan ƙarfe a rufe maka wannan a cikin soso.

Da ya kwance notin kuma sai da ya yi salati. Bakin bututun esi ana yanka shi ne da abin yanka mai 'yar taya, a goge kaifin ciki bakin yana kallon ƙasa don kar ɓarɓashi ya faɗa, a zura noti, sannan a buɗa bakin da na'urarsa ya fito sumul kamar bakin mazurari, wannan leɓen shi ne yake zama a kan bawul ya toshe gas. Shi wannan bawan Allah da zarto ya yanka, leɓen ya karkace har ya tsage gefe ɗaya, sai ya naɗa farin tef ɗin 'yan famfo a kan zaren notin ya ɗaure da ƙarfi. Tef ba ya tare komai a wurin nan. A ramin bango ma ya lanƙwasa bututu mai kaurin da gwiwa har ya maƙure.

Dattijon ya tambayi ƙanina, ya jona wani ɗan inji mai ƙara ya bar shi yana aiki kafin ya buɗe gas? Ƙanina ya ce a'a, alanki kawai ya sa ya buɗe aka ji fuuu ya rufe. Kenan bai yi bakyum ba. Sabon esi yana zuwa da gas ɗinsa a kulle cikin injin waje, wanda yawanci ya ishi bututu mai ɗan madaidaicin tsawo, amma dole a zuƙe iska da danshin da ke cikin bututun da injin ciki kafin a sake shi, in ba haka ba danshin ya haɗu da man kwamfuresa ya riƙa cin ta a hankali. Ga shi a jikin injin an rubuta irin gas ɗinsa, R410A, ɓaro-ɓaro, shi kuwa daga wata tukunya mara rubutu yake ɗura min, Allah kaɗai ya san ko R22 ne ko gauraye. Ba a haɗa su, ƙarfin matsinsu daban ne man da suke aiki da shi ma daban, sababbin esin yanzu kuma da yawa R32 ne, kowanne sai nasa.

Na ɗauki guntun bututun na koma shagon. Mai shagon ko kunya babu ya ce ai yaron ba ma'aikacinsu ba ne taimaka min kawai suka yi, duba rasit ɗinka Alhaji, esi muka sayar maka ba aiki ba. Kuma haka ne, babu bututu babu kuɗin ɗauri a rasit. Ina tsaye a wurin wata baiwar Allah ta shigo da kuka iri ɗaya, ita sau 4 aka ɗura mata, kuma shi dai wannan yaron ne. Lambarsa tun ranar ba ta sake shiga ba.

Dattijon ya yi kusan wuni yana aikin. Tare muka je muka sayo bututun na kankare da hannuna kafin in biya, ya buɗa bakin a gabana ya nuna min, ya fara ɗaura notin da hannu sannan ya sa sifana biyu, ya matsa naitirojin ya bi duk mahaɗa da kumfar sabulu, ya yi bakyum wajen minti 30 ya kashe ya zauna yana kallon allurar geji ko za ta motsa, sannan ya ɗora tukunyar gas a sikeli ya zuba daidai nauyin da aka rubuta a jikin injin. Allah ya taimaka kwamfuresar lafiyarta ƙalau, har yau ba a ƙara ko ɗigon gas ba.

Don haka in za a sa muku, ku tambaya tun a waya ko yana da injin bakyum, in ya fara kame-kame ku nemi wani. Ku zame soson ku kankare tsakiyar bututun ba bakinsa ba, ku sa a rubuta bututu da kuɗin aiki a rasit, kayan kwali kuma kar a fita da ko noti. Wanda ya fi cin raina shi ne goman ƙarshe na azumin 2024 ɗin Hajiya a tsakar gida ta riƙa kwana da mafici, esin yana rataye a ɗakinta, ni kuma ina ta tura wa wanda ya jawo hakan kuɗi. Guntun bututun yana nan cikin motata, duk wanda na ji zai sa esi sai na ciro na kankare masa ya gani.