Yaya, kada a yi wa shaf ɗin nan walda

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kana lafiya, da Inna, da iyali da duk mutanen gida. Ya zafin Sakkwato? Mu nan Kolumbus ta jihar Ohayo sanyi ya fara ja da baya, alhamdu lillahi.

Na saurari saƙon muryarka har sau uku. Na gode wa Allah da abin ya tsaya a kan ƙarfe, tunda ka ce da lodin albasa kake, a cikin rairayi bayan Gwadabawa, ka sa wa a-kori-kurarka Hilux giyar da ke jan tayoyi huɗu, ka murɗe sitiyari har ƙarshe kana ba ta wuta, sai ka ji ƙarar karyewa. Ka ce in sayo maka sabon shaf ɗin gaba, wato ƙarfen nan da ke juya tayar gaba, in aiko, kafin nan kuma mai walda ya ɗan haɗa maka tsohon ka ci gaba da lallaɓawa. Ka yi haƙuri Yaya, duka biyun ban goyi baya ba. Abin da ya same ka ya same ni a watan Janairu, shi ya sa nake magana da ƙarfin gwiwa.

A-kori-kurar da nake aikin ɗaukar kaya da ita Toyota Tacoma ce. Ta yi makonni tana ƙas-ƙas-ƙas duk lokacin da na sha kwana, ni kuwa aiki ya sha mini kai ina cewa sai Asabar. Ashe robar da ke rufe kan shaf ce ta tsage, giris ya zube, datti ya shiga. Ranar da ƙanƙara ta rufe hanya na maƙale, na taka totur, kan shaf ya tarwatse. Janwe kaɗai, tafiyar da ba ta kai daga Sakkwato zuwa Kware ba, ta ci mini dala 140.

Garejin da aka kai ta kamar asibiti. Ba wanda ya taɓa ko noti ɗaya sai da aka buga mini takarda: ga kuɗin kaya, ga kuɗin aiki, ga haraji, in sa hannu. Wannan tsari na yaba da shi ƙwarai, don ba a fara aiki sannan a kira ka a ce an gano wani abu, kawo ƙari, ba tare da yardarka ba. Amma a nan da awa ake sayar da hannun bakanike. Akwai littafin da ya ƙayyade awa nawa kowane aiki ke ci, kowace awa kuma ta haura dala 100. Da na ga jimlar ta doshi dala 700 sai na tambayi mutumin ko za a iya canza kan kaɗai a bar sauran. Ya girgiza kai. Ya ce lokacin da zai ɓata yana buɗewa da wankewa ya fi sabon shaf ɗin tsada.

Nan take na tuna bakaniken da Baba, Allah ya jiƙansa, yake kai wa tsohuwar Fijo, wanda ke aiki a gindin dogon yaro. Na sha ganin irinsa ya zare kan shaf, ya zuba shi a kwanon fetur, ya fito da ƙwallayen ƙarfen nan guda shida ɗaya bayan ɗaya, ya murza kowanne a tafin hannu yana neman inda ya ci, ya cika sabon giris ya mayar. Wallahi Yaya, wannan basira ba ta da yawa a nan. Mutanen nan ciro wannan, saka wannan suka fi yi. Da masu gyaranmu na gida suna samun kayan kirki a hannu, ba wanda zai nuna musu aiki.

Inda suka yi mana nisa shi ne wajen kayan gyara. Na shiga shagon safaya, irin su AutoZone da O'Reilly da ke kusan kowace unguwa. Yaron bai ce in kawo tsohon a gwada ba. Lambar jikin motar ya nema, mai haruffa da lambobi 17, ya shigar a kwamfuta, sai ga shekarar motar da injinta da shaf ɗin da ya dace da ita. Ya faɗa mini gaskiyar kowanne: wannan sabo ne amma ba na kamfanin motar ba, wannan tsoho ne da aka sabunta a masana'anta, na Toyota kuwa sai in je wurin dilansu kuma ya fi tsada nesa. Kowanne da rasit da garanti. Idan bai shiga ba ka mayar a ba ka kuɗinka, ba rantsuwa, ba kiran shugaban kasuwa. Har kayan aiki suke ba da aro, ka ajiye kuɗi, ka dawo da kaya su mayar maka da kuɗinka cif.

Gidan hayar da nake ba a yarda a yi gyaran mota a harabarsa ba, don haka muka kai ta gidan wani ɗan'uwa mutumin Maraɗi da ke da rumfar mota. Abin da ya ba mu wahala tsatsa ce. Ku rairayi da zafin rana ke busar muku da roba har ta tsage, mu kuwa gishirin da ake watsawa a titi don narkar da ƙanƙara ke cinye ƙarƙashin mota. Babban notin tsakiyar taya, mai lamba 35, sai da muka jiƙa shi da mai ya kwana, muka sa dogon bututu a sifana muka hau kai mu biyu kafin ya motsa. Wajen mayarwa ba mu ɗaure da ƙiyasi ba. Akwai sifana mai awo da ke yin ƙas idan ɗaurin ya kai yadda kamfani ya ce, da ita muka ɗaure, don notin nan shi ke riƙe boris ɗin tayar. Ya yi sako-sako ko ya wuce kima, boris ne zai biya. Saboda haka ma kada wani ya ce maka a zare shaf ɗin gaba ɗaya ka yi ta tafiya da tayoyin baya.

To, maganar aikowa. Hilux ba a sayar da ita a Amurka. Tun 1995 Toyota ta maye gurbinta da Tacoma a kasuwar nan, kuma akwai harajin kashi 25 cikin ɗari da aka ɗora wa a-kori-kurar da ake shigowa da ita daga waje tun 1964. Irin taku a ƙasashe kamar Tailan da Afirka ta Kudu ake haɗa su. Idan na ba yaron shagon lambar motarka, kwamfutarsa ba za ta san ta ba. In ɗauki na Tacoma don sun yi kama, in biya kuɗin jirgi a kan ƙarfe mai nauyi, ya iso bayan kakar albasa ta wuce, sannan a tarar haƙoransa ba su shiga ba? Kai da ke Sakkwato ka fi ni kusa da kayan motarka.

Walda kuwa ita ta hana ni barci. Ƙarfen shaf an gasa shi a masana'anta har ya yi tauri daidai gwargwado. Wutar walda tana kashe wannan taurin a daidai inda ta taɓa, kuma da wuya a haɗa shi ya miƙe sak. Zai riƙe a cikin gari, ya yaudare ka, sai ranar da ka ɗauko buhuna kana gudu a kan titin Illela. In ya sake karyewa a guje, guntun yana iya dukan tiyon birki. Ba kai kaɗai ke cikin motar nan ba, yaran lodi suna baya.

Ga abin da nake roƙo. A cire tsohon, ka riƙe shi a hannunka ka je wurin masu safaya. In babu mai kyau a gari, a aika Ƙofar Ruwa a Kano. Ni da sabo mai arha marar asali, gara Beljiyam na ainihi wanda robarsa ba ta tsage ba. Ku jera su a ƙasa ku gwada tsawo, bakanike ya ƙirga haƙoran kowane ɓangare a gabanka, ka juya kan da hannunka ka ji ko yana kaɗawa. A canza sil ɗin da ke bakin inda shaf ke shiga, a cika man giyar da ya zube, a ɗaure robar da ƙarfen ɗaurinta, kada a yi amfani da waya ko yankin tub. Ka sa a leƙa robar ɗaya gefen ma, don tare suka tsufa. Kuma in bakaniken ya yi aiki mai kyau, don Allah kada ka tsaya ciniki da shi a kan ladansa.

Na tura kuɗi ta hannun da muka saba, su isa shaf da aiki in sha Allahu. Ka ɗauko mini hoton wanda za ka saya kafin ka biya, kusa-kusa, musamman wajen robar. A gaishe da Inna, a ce mata ina nan ina shan maganin da ta aiko. Sai na ji ka.