Wace Hanyar Daskarwa Ce Ke Riƙe Asalin Itacen Marmari?

Kafin ɗakin gwaji ya zuba kuɗi a tankin ruwan naitrojin don adana tohon itatuwa a daskare, ya kamata a san inda haɗarin yake. Sanyin digiri 196 ƙasa da sifili bai cika taɓa ƙwayoyin gado ba. Ɓarnar tana zuwa ne wajen farfaɗowa: idan kan tohon ya mutu, sai wani dunƙulen nama marar siffa da ake kira kalas ya tsiro, daga shi kuma ake samun tsiron da ya bauɗe, irin ayabar da ke fitowa wada.

Hanya mafi arha ita ce daskarar da tohon da ke barci, yadda ake yi wa tuffa a ma'ajiyar irin tsirrai ta Fort Collins a Amurka. Ana yanko reshe tsakiyar hunturu, a busar da shi a digiri 5 ƙasa da sifili har danshinsa ya koma kashi 25 zuwa 30, a riƙa rage digiri ɗaya kowace sa'a zuwa 30 ƙasa da sifili, sannan a sa a tururin naitrojin. Ranar buƙata sai a yi masa aure da wani gindi. Babu renon tsiro a kwalba, babu sinadarin girma, don haka kalas ba ya samun ƙofa. Sai dai mangwaro da ayaba ba sa barcin hunturu, wannan hanya ba tasu ba ce.

Ayaba sai hanyar ɗigo, wadda ma'ajiyar Leuven ta Beljiyam ke bi. Ana ciro kan toho kamar milimita ɗaya, a jiƙa shi cikin ruwan kariya daga ƙanƙara da ake kira PVS2 (gilisarol kashi 30, etilin gilaikol 15, DMSO 15, da sukari), a ɗiga kan siririn takardar alminiyam, a tsunduma cikin ruwan naitrojin. Minti kaɗan suna raba rai da mutuwa: in ya jima a ruwan PVS2, guba ta kashe shi, in aka yi gaggawa, ƙanƙara ta fasa ƙwayoyin. Wannan hanya tana buƙatar hannu ƙwararre fiye da na'ura mai tsada.

Akwai kuma naɗe toho cikin ƙwallon aljinet, wani sinadari mai kama da jeli, a busar. Ba ta da guba, amma tsiron ƙasar zafi da yawa ba ya jure bushewar.

Tanki kuwa, a zaɓi wanda samansa ba ya ɗumi ya haura digiri 130 ƙasa da sifili, mai ƙararrawa, kuma a tabbata akwai mai kawo naitrojin a kai a kai. A ware kuɗin gwajin SSR, wanda ke duba ƙwayoyin gado, amma kada a tsaya nan: wasu sauye-sauyen ba sa fitowa a gwajin, sai an dasa a gona an ga ganye da 'ya'ya kusa da uwar itacen.